Ku Zauna a Ƙasa Tukuna, Sannan Mu Yi Gardama

Alhaji, sauke girar nan. Hajiya, bar tafa hannu kina salallami. Ba wanda ya ce ku sake addini, ba kuma wanda ya ce ku yi sallama da wanzami. Zancen 'yan Sikh kawai za mu yi, mutanen nan masu rawani mai tudu a goshi da gemu a nannaɗe, waɗanda kuka saba gani a finafinan Indiya, wani yana tuƙa tirela, wani yana tiƙar rawa a gonar alkama, wani kuma, irin Sunny Deol a cikin Gadar, yana tumɓuke famfon tuƙa-tuƙa don an ɓata masa rai. Kun haddace sunan kowane jarumi da na matarsa da na surukarsa. Amma da za a tare ku a ce me mai rawanin nan ya yi imani da shi, na san amsar: "Ai duk Indiya ce, masu bautar saniya." Mutum sama da miliyan 25 ke nan kuka yi wa kuɗin goro, kuka kaɗe riga kuka wuce.

Abin takaicin, ku kuna nan kuna kiransu Hindu, wasu jahilan Amurka suna can suna kiransu Musulmi. Kwana huɗu bayan harin 11 ga Satumba 2001, wani ya harbe ɗan Sikh mai gidan mai a jihar Arizona, don ya ga rawani da gemu ya zaci naku ne. Ko don wannan ai kwa ba su aron kunne.

Mu fara da Kawu, wanda ya rantse Hindu ne suka ƙara da rawani. Gaskiya ne a gidan Hindu aka haifi Guru Nanak, wanda ya kafa addininsu, a shekarar 1469, a ƙauyen Talwandi da ke yamma da Lahore, wanda yau ake kira Nankana Sahib a cikin Pakistan. Amma Kawu, shiga gidan ibadarsu, gurdwara, ka leƙa lungu da saƙo. Ba za ka ga gunki ba. Koyarwar da littafinsu ya buɗe da ita ita ce Mahalicci ɗaya ne, ba shi da siffa, ba a haife shi ba, ba ya mutuwa. Nanak bai yarda Ubangiji yana sauka cikin jikin mutum ko dabba ba, bai kuma yarda wanka a kogi yana wanke zunubi ba.

Labaran rayuwarsa, waɗanda mabiyansa suka rubuta bayan ya bar duniya, masana tarihi kuma suke tacewa kafin su sha, sun nuna tun yana yaro ba ya haɗiye abu don an ce haka aka gada. An ce ya ƙi karɓar zaren da ake rataya wa 'ya'yan manyan gidajen Hindu, domin zare yana datti yana tsinkewa, kuma ba a ba mata da talakawa. An ce wata rana a Haridwar ya tarar da masu ziyara a cikin kogin Ganga suna watsa ruwa gabas, wai don ya kai ga kakanninsu a lahira. Sai ya juya yamma ya shiga watsa nasa. Suka ce kai kuma fa? Ya ce gonarsa yake ba ruwa a Punjab. Suka bushe da dariya, yaya ruwa zai yi wannan doguwar tafiya? Ya ce in dai nasu yana isa lahira, nasa ba zai kasa isa Punjab ba. Kun ga ke nan, zolayar nan ba ni na fara ta ba.

Na ga Malam ya gyara zama, fuska ta washe: "Ashe namu ne, hanya ce ta ɗan ɓace masa." Allah gafarta Malam, yi haƙuri, ba naka ba ne. 'Yan Sikh sun yi imani rai yana mutuwa yana dawowa a wani jiki har sai ya samu kuɓuta. Ƙona gawa suke yi. Ba su da alƙibla, ba su da azumin Ramadan, ba su da aikin hajji. Kada kuma ka ce dafa-duka ne, an ɗebo shinkafar Hindu an watsa waken Musulunci, don babu maganar da ta fi ɓata musu rai irin wannan. I, Nanak ya tashi a ƙasar da sarakunan Lodi Musulmi ke mulki, ya yi aikin tsaron rumbun gwamna Daulat Khan a Sultanpur, kuma abokin yawonsa na shekara da shekaru, Mardana, Musulmi ne daga gidan maroƙa, mai kaɗa masa rabab idan zai rera baitocinsa. Amma harshensa bai bar kowa ba. Ya caccaki alƙalin da ke cin hanci, ya caccaki limamin Hindu da ke wanka da tsarki alhali yana cutar mutane, ya caccaki sarakunan da ke tatsar talaka, ya kuma yi baitocin kuka kan ɓarnar da rundunar Sarki Babur ta yi lokacin da ta afka wa Punjab. Mutumin da ya ɓata wa kowane ɓangare rai ba sulhu ya zo yi ba, da tasa maganar ya zo.

To wace magana? Ya ce ciwon ɗan Adam guda ne, ji da kai, wato "ni ne, nawa ne, na fi wane". Suna kiransa haumai. Shi ne katangar da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa, kuma shi ke buɗe wa ɓarayi biyar ƙofa: sha'awa, fushi, haɗama, maƙalewa a kan abin duniya, da girman kai. Magani shi ne yawan ambaton sunan Ubangiji, da miƙa wuya ga hukuncinsa, da fatan rahamarsa, domin wayon mutum ba ya fitar da shi. Zuwa nan na san Malam zai ce wannan ai kowane mai tazbaha ya san shi. Saurara, akwai sauran zance. A Indiyar wancan zamani, wanda ke neman Allah da gaske barin gida yake yi, ya shafa toka, ya hau dutse. Nanak ya ce a'a. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyu maza, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya zauna a Kartarpur, bakin kogin Ravi, yana noma. Ya yi wa masu guje wa duniya ba'a cewa suna raina magidanta, amma idan yunwa ta ciyo su ƙofar magidantan suke zuwa da ƙoƙo. Mabiyansa sun dunƙule koyarwar cikin abu uku: ka ambaci Ubangiji, ka ci guminka, ka raba da wasu.

Bakano, riƙe ƙirjinka, wannan labarin naka ne. An ce mahaifin Nanak ya ba shi rupi 20 ya je ya yi ciniki mai riba. Yaro ya haɗu da wasu bayin Allah da yunwa ta galabaitar, ya saye abinci da kuɗin kaf ya ciyar da su, ya dawo gida ya ce ya yi cinikin gaskiya. Na san a Kantin Kwari ko Kasuwar Singa da wannan yaron ya sha bulala, kuma an ce shi ma mahaifin nasa bai yi masa tafi ba. Amma kada ka yi saurin cewa addinin malalata ne. Je ka tambayi yadda jikokin mabiyansa suka cika gonaki da garejoji da kamfanonin tirela daga Punjab har Kanada, inda ƙidayar 2021 ta same su kusan 770,000. Ba su iya zaman banza ba, kuma bara abin kunya ne a wurinsu.

Yanzu ga inda falsafar ta taka ƙasa. Idan ji da kai ne ciwon, to tsarin da ya raba mutanen Indiya hawa-hawa tun daga haihuwa ji da kai ne da aka yi wa doka. Limamai a sama, sai mayaƙa, sai 'yan kasuwa, sai masu hidima, can ƙasa kuma waɗanda ko taɓa su ba a yi, masu jima da masu shara. Wannan tsari a tukunya ya fi ƙarfi: wa ya dafa, wa ya taɓa kwanon, da wa ka zauna ka ci. Nanak ya gane cewa mutum zai iya gyaɗa kai ga wa'azin daidaito tun safe har dare, ya koma gida ya ware wa majemi ƙoƙonsa daban. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Sai ya kai gardamar kicin. A Kartarpur aka kafa langar, wato girki ɗaya ga kowa, a zauna a ƙasa a sahu ɗaya, ba a tambayar asalin na kusa da kai ko na wanda ya tuƙa.

Guru na uku, Amar Das, ya ɗaure abin tamau a Goindwal: duk mai son ganinsa sai ya fara zama a sahu ya ci. Ruwayarsu ta ce har Sarki Akbar da ya kai ziyara sai da ya naɗe ƙafa a ƙasa cikin talakawa. Alhaji, kai da ake kai wa naka kwanon falon sama ranar walima, an rufe da farin kyalle, da ka iya? Har yau a babban gidan ibadarsu na Amritsar, mai rufin zinare, ana ciyar da dubun dubatar mutane kullum kyauta, ranakun cunkoso adadin yakan kai dubu 100. Gurasa ce da miyar wake da ganye, ba nama, don kada wani ya ce addininsa ya hana shi zama. Masu murza gari da masu wanke kwanuka da masu tsaron takalma yawancinsu 'yan sa kai ne, cikinsu har da attajirai, domin hidima a wurinsu ibada ce, kuma ita ce sabulun ji da kai. Ginin kansa ƙofa huɗu gare shi, kowace kusurwa ɗaya, kuma gangarawa ake yi a shiga harabar, ba hawa ba. A watan Disamba 2024 majalisar addininsu ta Akal Takht ta hukunta Sukhbir Singh Badal, tsohon mataimakin babban ministan Punjab: aka rataya masa allo a wuya, ya yi gadin ƙofa, ya wanke kwanuka a bainar jama'a. Ban ce ku kawo sunan kowa a ranku ba, amma na ga kuna murmushi.

Littafin ma haka. Guru Arjan, na biyar, ya tattara shi a 1604, kuma bugun da ake amfani da shi yau shafi 1430 ne, an jera shi bisa karin waƙa don rerawa ake yi. Ban da baitocin shugabanninsu, a ciki akwai na Shaihu Farid, sufin Pakpattan na ƙarni na 13. Akwai na Kabir, masaƙi. Akwai na Ravidas, baduku. Akwai na Sain, wanzami, da na Sadhana, mahauci. A 1708 Guru Gobind Singh, na goma, ya ce daga kansa an rufe shugabancin mutum, littafin ne jagora. Ke nan ɗan babban gida, idan ya shiga gurdwara ya kai goshi ƙasa, har da maganar baduku yake rusuna wa. Wannan ba ƙaramin mari ba ne ga tsarin asali.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Duk mun ji, amma masu ambaton Allah me ya haɗa su da takobi?" Tambaya ce mai kyau, ka ci goro. Tarihi ne ya haɗa su. A 1606 aka kashe Guru Arjan a Lahore a zamanin Sarki Jahangir. Ɗansa Hargobind ya rataya takubba biyu, ɗaya na al'amarin ruhi, ɗaya na al'amarin duniya. A 1675 aka fille kan Guru Tegh Bahadur, na tara, a Delhi a zamanin Sarki Aurangzeb, kuma 'yan Sikh suna tuna shi a matsayin wanda ya mutu yana kare 'yancin Hindun Kashmir na yin addinin da shi kansa ba ya bi. A 1699, a Anandpur, ɗansa Gobind Singh ya zare takobi a gaban taro ya ce yana son kai. Mutum biyar suka miƙe ɗaya bayan ɗaya: ɗan kasuwa, manomi, mai ga-ruwa, tela, da wanzami. Ya shayar da su ruwan sukari daga kwanon ƙarfe guda, baki bayan baki, abin da tsarin asali ke ɗauka ƙazanta. Sannan ya durƙusa ya ce su ma su shayar da shi. Haka aka kafa ƙungiyar Khalsa. Maza suka ɗauki sunan Singh, mata Kaur, don kada sunan gida ya tona asalin kowa. Aka ɗora musu alamu biyar: gashi ba aski, mataji, awarwaron ƙarfe, gajeren wando, da takobi. Aka haramta musu taba. Ku dubi sadaukarwar wanzamin nan, Sahib Chand, da ya shiga ƙungiyar da ta kashe masa kasuwa.

Rawanin da kuke gani daga nan ya samo ƙarfi. A Indiyar sarakunan Mughal, rawani da doki da takobi kayan manya ne. Gobind Singh ya ɗora su a kan manomi da mai ga-ruwa. Mu nan sai an tara makaɗa an yi hawa kafin a naɗa mutum ɗaya, su kuwa kowane yaro da ya tasa shi ke naɗa kansa kowace safiya.

Kada kuma wani ya mayar da labarin faɗan Musulmi da Sikh zalla. Yaƙin farko da Gobind Singh ya yi, a Bhangani a 1688, da sarakunan Hindu na kan tudu ya yi shi, kuma wani shehi Musulmi, Pir Budhu Shah, yana ɓangarensa. Da gwamnan Sirhind ya sa aka kashe ƙananan 'ya'yan Gobind Singh biyu, Nawab, wato sarkin Malerkotla, Musulmi, shi ya tashi ya ce wannan zalunci ne. 'Yan Sikh ba su manta ba: a 1947, lokacin da rabon Indiya da Pakistan ya mai da Punjab mayanka, Malerkotla ta zauna lafiya, kuma har yau Musulmi ne suka fi yawa a garin. Ban ce takobin bai taɓa sarar marar laifi ba. Rikicin shekarun 1980 ya ci rayuka ta kowane ɓangare: sojoji sun afka wa gidan ibadar Amritsar a watan Yunin 1984, 'yan Sikh biyu daga cikin masu gadin Firayim Minista Indira Gandhi sun harbe ta a watan Oktoba, sannan aka yi wa 'yan Sikh kusan 3,000 kisan gilla a Delhi cikin 'yan kwanaki.

Hajiya, na ga tun ɗazu bakinki yana motsi. "Mata fa?" A koyarwa, an ba ku kujerarku. Nanak ya ƙi yarda cewa haihuwa tana ƙazantar da mace. Amar Das ya yi tir da ƙona matar mamaci tare da gawar mijinta, ya kuma goyi bayan bazawara ta sake aure. Mata Khivi, matar Guru na biyu, ita ta riƙe langar, har sunanta ya shiga littafin. Mai Bhago ta kunyata mayaƙa arba'in da suka gudu daga Gobind Singh, ta ja su suka koma fagen fama a 1705. A aikace kuwa, riƙe mayafinki. Ƙidayar Indiya ta 2001 ta nuna a Punjab, cikin yara 'yan ƙasa da shekara bakwai, mata 798 ne kacal a kan kowane maza 1,000, saboda son ɗa namiji da zubar da cikin mace. A 2011 adadin ya ɗan ɗaga zuwa 846. Kuma sai da majalisar dokokin Punjab ta yi ƙuduri a 2019 tana roƙon a bar mata su rera baitoci a cikin babban ɗakin ibada na Amritsar.

Ga Kawu can ya farfaɗo: "Ato! Na faɗa muku duk kanwar ja ce." Dakata in ƙara maka makami, don ba na son ka yi gardama da hannu wofi. Tsarin asalin ma bai mutu ba. A ƙauyukan Punjab da dama akwai gurdwara ta manoman Jat masu gonaki, akwai ta waɗanda kakanninsu masu shara ne ko majema, wani wurin har maƙonar gawa daban. Aure kuwa har gobe ana bin gida. A 2010 wani ɓangare na mabiya Ravidas ya ɓalle ya ayyana addininsa daban. Hali zanen dutse.

Sai dai Kawu, kafin ka yi guɗa, ji abin da ya faru a watan Oktoba 1920. A lokacin gidajen ibadar sun faɗa hannun masu gadon kujera, waɗanda suka mai da su gonar gado, Turawan mulki kuma suna ɗaure musu gindi. Wasu 'yan Sikh daga gidajen da ake ƙyama suka kawo sadakar alewa Amritsar, masu kula da ɗakin suka ce ba za su karɓa daga hannunsu ba. Jama'a suka ce a buɗe littafin a ji. Aka buɗe, aka karanta, masu ƙin karɓa suka rasa ta cewa, suka karɓa. Daga nan guguwar ta tashi. A watan da ya biyo aka kafa kwamitin kula da gidajen ibada, a 1921 'yan barandan mai riƙe da Nankana suka kashe masu neman gyara sama da 100, amma a 1925 doka ta mayar da gidajen hannun zaɓaɓɓun wakilan jama'a. Abin lura shi ne masu gyaran ba su aro hujja daga Landan ba. Da littafin gidan suka kayar da masu gidan. Gyaran da Nanak ya fara bai gama aiki ba, amma ya bar ma'aunin da kowane zamani za a iya ɗaukowa a auna limami da attajiri, a ce kun gaza.

Shi ya sa dariyarku ba ta dame ni ba, don laifi tudu ne. Ku kuna da sahun da sarki da talaka ke haɗa kafaɗa sau biyar a yini, kuma kun fi kowa iya faɗar cewa tsoron Allah ne kaɗai ma'aunin fifiko. Madalla. To Alhaji, ga yaro nan mai salla, mai digiri, mai sana'a, ya aiko neman Zainabu. Bincike ya dawo, ba shi da aibu ko ɗaya, sai dai kakansa Sarkin Fawa ne, na wajen uwa kuma maroƙi. Ina sauraronka. A'a, kada ka ce sai ka yi shawara da Hajiya, ga ta nan kusa da kai, ita ma ta sunkuyar da kai tana gyaran ɗankwali. Ku ba ni amsa, sannan mu ci gaba da yi wa mutanen Punjab dariya tare.